Yadda ake haɗa shirin rediyo kan rayuwar makaɗan ragtayim da jaz na farko

Mai sauraro a Sakkwato ba baƙo ba ne ga tarihin makaɗa. Ya san Narambaɗa da kotsonsa a fadar Sarkin Gobir na Isa, ya san Salihu Jankiɗi Sarkin Taushi, ya san abin da ke tsakanin Ɗan Anace da Shago. Idan ka zo masa da labarin makaɗan baƙar fata na Amurka, waɗanda suka yi zamani daga wajen 1895 zuwa 1930, tambayoyin da yake yi kan namu su zai yi maka: ɗan wa ne, wa ya koya masa, wa ke ba shi, me ya samu, yaya ya ƙare. Shirin da ya amsa biyar ɗin nan ya biya. Inda gizo ke saƙar shi ne amsoshin sun cakuɗe da kirari. Makaɗan da kansu sun ƙara wa kansu shekaru, masoyansu sun yi musu ado, kuma shafukan intanet da yawa suna kwafe adon a matsayin tarihi. Babban aikinka tankaɗe ne, sauran duk mai sauƙi ne.

Ƙofar shiga tana nan a hannunka. Louis Armstrong, shahararren makaɗin jaz, ya zo Nijeriya a 1960, kuma akwai hoton da aka ɗauke shi tare da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna. Da wannan za ka buɗe kashi na farko. Mutumin da zai murɗa akwati da jin sunan Bature zai dakata idan ya ji an ambaci Gamji.

Mutum ɗaya, minti 27

Kada ka ɗebo mutum biyar a shiri ɗaya. Sunayen baƙi ne a kunne, kuma mai sauraro yana tuƙi ko yana kasuwa, ba ya riƙe da biro. Mutum ɗaya a kowane kashi, sannan sunaye biyu ko uku na waɗanda suka kewaye shi.

Filin rabin awa, idan aka cire talla da sanarwar tasha, lissafa shi minti 27. Faifan wancan zamani mai faɗin inci 10 yana ɗaukar kamar minti 3 a kowace fuska, don haka faifai uku sun ci minti 9. Buɗewa minti 2, sallama minti 1, saura 15 na magana. Karanta shafi ɗaya da agogo a gabanka ka san saurinka. Idan kana yin kalma 120 a minti, rubutunka kada ya wuce kalma 1,800. Mafi yawan shirin da ke lalacewa a nan yake lalacewa: an rubuta kalma 3,000, lokaci ya ƙure, sai a datse kiɗan, alhali saboda kiɗan ake ba da labarin.

Ka kuma gyara kalma tun daga farko. Scott Joplin, gwanin ragtayim, a matsayin makaɗi aka san shi, ba mawaƙi ba. Yawancin ragtayim kiɗan piyano ne zalla, babu baiti babu amshi. Idan ka ce “waƙa”, mutane za su zauna jiran murya, su ga kamar an yaudare su. Armstrong ne ya haɗa biyun, busa da waƙa.

Takarda gida uku

Ɗauki babbar takarda ka tsaga ta gida uku. Gida na farko: abin da takardar hukuma ko ta coci ko ta kamfanin faifai ta tabbatar. Na biyu: abin da makaɗin ya faɗa da bakinsa. Na uku: abin da mutane ke faɗa. Duk maganar da ka tsinto, sai ka san gidanta kafin ta shiga rubutu. A iska kuma kowane gida da lafazinsa. Na farko ka faɗe shi kai tsaye. Na biyu ka ce “in ji shi”. Na uku ka ce “ana cewa”, ko ka bar shi gaba ɗaya.

Ranar haihuwa ce ramin da aka fi faɗawa. Armstrong ya rayu yana cewa an haife shi ranar 4 ga Yuli 1900, ranar bikin 'yancin Amurka. Bayan rasuwarsa aka gano rajistar baftismarsa, ta nuna 4 ga Agusta 1901. Mai piyano Jelly Roll Morton, wanda sunansa na yanka Ferdinand, yakan ce 1885, takardar coci ta ce 1890. Dalilin ƙarin ba ɓoyayye ba ne: yana iƙirarin shi ya ƙirƙiro jaz a 1902, kuma da shekarunsa na gaskiya yana ɗan 12 ke nan a lokacin. Eubie Blake, shi ma mai piyano, an yi masa bikin cika shekara 100 a Fabrairun 1983, ya rasu bayan kwana biyar, daga baya takardu suka nuna 1887 aka haife shi, wato 96 ya yi. Joplin kuwa an daɗe ana rubuta 24 ga Nuwamba 1868, amma ƙidayar jama'a ta tsakiyar 1870 ta same shi yana ɗan shekara biyu, saboda haka abin da ya dace ka ce shi ne “tsakanin 1867 da 1868, a jihar Teksas”.

Kada ka kira su maƙaryata a iska. Yawancin waɗannan 'ya'ya da jikokin bayi ne, an soke bauta a Amurka a 1865, kuma ba kowane talaka aka rubuta wa haihuwa ba. Dattawanmu ma da yawa da shekarar fara ko ta wani sarki suke ƙirga shekarunsu. Shi kuma Morton, abin da ya yi kirari ne, kuma Basakkwace ya san makaɗin da bai wasa kansa ba bai cika makaɗi ba. Ka karanta kirarin da daɗinsa, sannan ka kawo takarda.

Buddy Bolden ne ya fi kowa buƙatar tankaɗe. Abin da ke gida na farko kaɗan ne: an haife shi a birnin Niyu Olins a 1877, ya yi suna da busa kwanet, wani ƙahon tagulla ɗan'uwan begila, an kai shi asibitin masu taɓin hankali a garin Jakson na jihar Luwiziyana a 1907, ya zauna can shekara 24 har ya rasu a 1931. Hoto ɗaya aka sani nasa da jama'arsa. Zancen cewa mai aski ne kuma yana buga jaridar tsegumi, binciken Donald Marquis na 1978 ya rushe shi, amma har yau yana yawo. Babu faifansa ko ɗaya da aka samu. Duk wanda ya turo maka sauti ya ce busar Bolden ce, kada ka sa.

Gida na uku yana da wani sanannen baƙo: wai an yi wa mai busa kwanet Freddie Keppard tayin ya zama makaɗin jaz na farko da zai shiga faifai, ya ƙi don kada a sace masa salo. Labari ne mai daɗi, amma da “ana cewa” ake faɗarsa. Abin da yake tabbas shi ne faifan jaz na farko da aka fitar kasuwa na wasu Turawa biyar ne, Original Dixieland Jass Band, waɗanda kamfanin Victor ya ɗauka a Niyu Yok ranar 26 ga Fabrairu 1917.

Bi sawun kuɗi

Shirin da ya tsaya ga jera shekaru ba ya riƙe kowa. Abin da ke riƙe mai sauraro shi ne abinci: daga ina makaɗin nan yake ci? A nan bambancin yake da namu, kuma dole ka fayyace shi. Makaɗin fada yana da ubangida, ana ba shi doki da riga da hatsi, kuma sana'ar gado ce a gidaje da yawa. Waɗancan ba su da sarki. Mai mashaya ne ubangidansu, ko mai buga takardun kiɗa, ko kamfanin faifai, kuma ranar da kasuwa ta juya baya babu wanda ke ɗauke da nauyinsu.

Ɗauki Joplin ka gani. Mahaifinsa tsohon bawa ne, wani Bajamushe mai suna Julius Weiss ya koya masa piyano yana yaro a Teksakana. A 1899, a garin Sedaliya na jihar Misuri, mai buga takardun kiɗa John Stark ya buga masa kiɗansa mai suna Maple Leaf Rag bisa yarjejeniyar santi ɗaya, wato kashi ɗaya cikin ɗari na dala, a kan kowane kwafi. A nan sai ka tsaya ka yi bayani, don mai sauraronka bai saba da sayar da kiɗa a rubuce ba: takarda ce mai alamomi, mutum ya saya ya kai gida ya kaɗa a piyanonsa. A shekarar farko kwafi wajen 400 aka sayar, dala 4 ke nan. Daga baya ya karɓu ƙwarai, santin nan ya riƙa shigo masa har ƙarshen rayuwarsa, abin da yawancin takwarorinsa ba su samu ba domin sayar da kiɗansu suke yi gaba ɗaya a karɓi kuɗi sau ɗaya. Burinsa ya wuce mashaya. Ya tsara wasan kwaikwayo na waƙa, Treemonisha, ya buga shi da kuɗinsa a 1911, bai ga an nuna shi cikakke ba har ya rasu ranar 1 ga Afrilu 1917 a asibitin gwamnati a Niyu Yok. Kabarinsa ya zauna babu alama har 1974, bayan wani fim na 1973 ya dawo da kiɗansa kunnen duniya, kuma a 1976 aka ba shi lambar yabo ta Pulitzer. Wannan jerin kaɗai ya isa minti 15 idan ka bar kowace gaɓa ta yi numfashi.

King Oliver ma haka. Shi ne maigidan Armstrong a busa, shi ya kira shi Shikago a 1922, tare suka shiga faifai a kamfanin Gennett a Afrilun 1923. Ciwon dasashi ya zubar masa da haƙora, kuma mai busa ƙaho da ya rasa haƙori ya rasa sana'a, domin a kansu leɓe ke dogara. Ya ƙare yana aikin shara a gidan wasan sunuka a Sabana ta jihar Jojiya, ya rasu a 1938. Ka ba wannan lokaci. Duk wanda ya taɓa ganin tsohon mabushin algaita da numfashi ya gaza masa zai gane ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Kada ka manta da mata. Lil Hardin ce mai piyano a ƙungiyar Oliver, ta auri Armstrong a 1924, kuma ita ta matsa masa ya fita daga inuwar maigidansa ya tsaya da ƙafarsa. Ta cancanci kashi nata, ba layi ɗaya a cikin na mijinta ba.

Wuraren da ake jin nauyi

Akwai abubuwa uku da za su sa ka yi jim a gaban makirfo, kuma gara ka shirya musu tun a takarda. Na farko Storyville, unguwar mata masu zaman kansu da hukumar Niyu Olins ta keɓe daga 1897 zuwa 1917, inda masu piyano irin su Morton suka samu aiki. Faɗe shi cikin jimla ɗaya da lafazin da za a iya ji a gaban iyaye, ka ƙara da cewa kakar Morton ta kore shi daga gida da ta gano inda yake kiɗa. Wannan ya nuna wa mai sauraro cewa su ma can ba a ɗauki abin da sauƙi ba. Kada kuma ka ce a nan aka haifi jaz. An yi shi a wuraren rawa, da fareti, da filayen shaƙatawa. Na biyu cutar da ta kashe Joplin, tunjere, a zamanin da ba a samu fenisilin ba. Ambata sau ɗaya ka wuce. Ɓoye ta na sa ƙarshen labarin ya rasa ma'ana, domin ita ta lalata masa hannu da hankali. Na uku kiɗa a wurin jana'iza, wanda zai yi wa Musulmi baƙo ƙwarai. Bayyana tushensa: baƙaƙen fata sun kafa ƙungiyoyin taimakon juna, kamar adashe, ana zuba kuɗi don jinya da binnewa, kuma 'yan badujala na cikin abin da kuɗin ke biya. Bayani kake yi, ba talla ba, kuma mai sauraro yana jin bambancin.

Wata jaraba kuma ita ce a ce jaz kiɗanmu ne da aka kwashe. Gaskiya ne banjo jikan kayan tsirkiya na Afirka ta Yamma ne, dangin molo da gurmi, kuma bayi sun riƙa taruwa ranar Lahadi a dandalin Kongo na Niyu Olins suna kiɗa da rawa. Salon jagora da 'yan amshi ma yana nan. Ka ce akwai kama, akwai dangantaka. Amma piyano da ƙahonin tagulla da tsarin maci daga Turai suke, kuma a Amurka aka yi haɗin.

Sa kunne ya gane abin da yake ji

Minti ɗaya na gwaji ya fi minti biyar na bayani. Ƙirga ɗaya zuwa takwas a hankali. Hannun hagu ya bugi tebur a 1, 3, 5, 7. Hannun dama ya buga a 1, 4, 7. Maimaita sau huɗu kusa da makirfo. Hagu na tafiya daidai kamar sojan fareti, dama na ratsawa tsakani kamar kalangu yana yi wa ganga shisshigi. Wannan saɓanin shi ne zuciyar ragtayim. Sannan ka gaya wa mai sauraro cewa kiɗan gaɓa-gaɓa ne, yawanci huɗu, ana maimaita kowace, don ya riƙa jiran inda za a juya. Joplin da kansa ya sha rubuta gargaɗi a kan takardunsa cewa kada a kaɗa ragtayim da gudu, don haka idan ka samu sauti biyu, ɗauki mai natsuwa.

Joplin bai taɓa shiga faifai ba. Abin da ya bari naɗin takarda ne mai huji-huji da ake sa wa piyano mai kaɗa kansa, an yi su a 1916 yana cikin ciwo, kuma irin wannan naɗi ma'aikatan kamfani kan gyara shi. Kada ka ce “ga hannun Joplin”. Ka ce “ga kiɗan da ya tsara”, ka faɗi sunan wanda ya kaɗa.

Faifan jaz na kafin 1925 zai yi wa mutane kamar daga cikin rijiya ake busa. Gaya musu dalili kafin ka saka, ba bayan sun gundura ba. Ba a amfani da makirfo wajen ɗaukar faifai a lokacin. Makaɗa na tsayawa gaban wani ƙaton mazurari, ƙarfin sautin ne ke girgiza allura tana zane a kan kaki. Mai ƙarfin busa a tura shi baya, babbar ganga kuma akan rage ta ko a maye ta da ɗan katako saboda tana iya sa allura tsalle. Sai a 1925 aka koma ɗauka da lantarki. Ka kuma ba kunne abin bi: kwanet ne ke jan gaba, kilarinet mai siririyar murya kamar algaita yana zagaye shi ta sama, turombon, dogon ƙahon tagulla mai kaurin murya, yana cike ƙasa. Ka ce a bi ɗaya kawai a sauraron farko.

Wajen samo sauti, ɗakin karatu na Majalisar Amurka yana da rumbun tsofaffin faifai a intanet, kuma a can ne mai tattara waƙoƙin gargajiya Alan Lomax ya ɗauki doguwar hira da Morton a 1938, yana magana yana kaɗa piyano. Hirar taska ce, amma duk abin da ke cikinta na gida na biyu ne. A dokar Amurka, faifan da aka fitar kafin 1923 ya fita daga haƙƙin mallaka tun 1 ga Janairu 2022. Sabon ɗauka na tsohon kiɗa yana da masu shi, don haka ka nuna wa shugaban sashen shirye-shirye jerin faifanka kafin ranar ɗauka, musamman idan za a ɗora shirin a Facebook ko YouTube inda ake toshe sauti.

Idan za ka tace ƙarar “shuu” da manhaja irin Audacity, yi da sauƙin hannu. Tacewa mai yawa na cinye saman sautin kilarinet, kiɗan ya koma kamar ana yi a cikin ruwa. Rage kaɗan, ka saurara da abin kunne, ka sake saurara a ƙaramar rediyo ko lasifikar waya, domin da su jama'a za su ji.

Ranar ɗauka

Wanda ke da sitidiyo, a gidan rediyon Rima ko wata tasha, an rage masa aiki. Mai ɗauka a gida da waya ya nemi ɗaki mai katifa da labule da darduma, domin bangon siminti tsirara yana mayar da murya. Fanka da janareto su ne abokan gaba, kuma a zafin Maris zuwa Mayu ba a iya zama rabin awa babu fanka. Mafita ita ce ɗauka da sanyin safiya, gaɓa-gaɓa, minti 5 zuwa 6 kowace, a kunna fanka a tsakani. Tazarar baki da makirfo taƙi ɗaya, a ɗan karkace don kada iskar “f” da “b” ta buge shi. Sa wayar a yanayin jirgi.

Rubuta sunayen baƙi yadda za ka furta su, da manyan baƙaƙe a gefen takarda, ka maimaita kowane sau goma kafin a kunna na'ura. Mai busa kilarinet Sidney Bechet, misali, “Beshe” ake cewa. Furuci ɗaya za ka riƙe daga farkon shiri zuwa ƙarshe, in ba haka ba mai sauraro zai ɗauka mutum biyu ne. Shekarun da za ka ambata da lamba kuma kada su wuce shida a kashi ɗaya. Sauran ka mayar da su “bayan shekara uku”, “yana ɗan sha ɗaya”, kamar yadda za ka faɗi daren ƙarshen 1912 da Armstrong ya harba bindiga sama aka kai shi gidan horon yara, inda Peter Davis ya koya masa busa.

Kada ka yi magana kiɗa yana tafiya fiye da daƙiƙa 10 na farko. Tsohon faifai da murya suna zaune a tsakiyar sauti ɗaya, idan aka haɗa su duka biyun ke ɓacewa. Daidaita ƙarfin faifan da na muryarka, don kada mai sauraro ya riƙa ƙarawa yana ragewa.

Nemi lokacin da ba zai ci karo da sallah ba, kuma ka tsara jerin yadda zai ƙare kafin azumi ko ya fara bayan sallah ƙarama. Idan ta WhatsApp za ka raba, fitar da shi MP3 mai layi ɗaya a 64 kbps: rabin awa zai zo kamar megabayit 14, wanda mai ƙaramin data zai iya saukewa. A rubutun da ke rakiyar sautin, sa sunan makaɗin da rubutunsa na asali don mai son bincike ya same shi, da shekarar da aka ɗauki kowane faifai.